Ramin Zarto na Gidan Mijina

An kawo ni gidan masassaƙa ina amarya, daga wani ƙauye na wajen Bonkuku, tun kafin Nasara su gina barikinsu a Filinge. Gidan yana bakin gari, ta inda hanya ke gangarawa cikin kwarin Dallol. Maza uku na tarar a cikinsa: surukina, wanda kowa ke ce wa Baba, da babban ɗansa da muke kira Yaya, sai mijina, shi ne ƙarami. Uwarsu ta daɗe da rasuwa. Matar Yaya ta mutu wurin haihuwa tare da abin da ke cikinta, shi kuma bai sake neman aure ba. Ni kaɗai ce mace a gidan, har Allah ya ba ni ɗiya.

Sana'arsu sassaƙa ce tun kaka da kakanni. Turmi, taɓarya, akushi, ƙotar gatari, kujerar da mata ke zama a kai wurin girki. Ranar kasuwa su ɗora wa jaki su kai, su dawo da hatsi da gishiri. Baba ba ya gaggawar kayar da icce. Sai ya yi ta yawo a daji yana duba wanda iska ta karya ko wanda ya fara bushewa daga sama. In ya samu ɗaya babba, ya ishi gidan aikin rani guda. Mijina kuwa hannunsa ya fi na kowa laushi a kan gizago. Akushin da ya sassaƙa, in ka shafa cikinsa, kamar an lashe shi.

Da Nasara suka zo ƙasar Kurfai, a garinmu ba a yi yaƙi ba. Manya suka karɓe su, mu talakawa muka ci gaba da daka da noma. Abin da muka fara gani shi ne ɗaukar kaya. A zo unguwa a tsinci samari, a ɗora musu akwatuna, su bi sojoji gabas. Wasu su dawo ƙafafu a fashe, wasu ba a sake jin labarinsu.

Wata safiya ɗan aiken mai gari ya zo tare da wani gardi, ɗan sandan Nasara, suka ce ana neman masassaƙa a bariki. Dukansu uku suka tafi. Na zauna da ɗiyata a goye, na kasa ko hura wuta, don na ɗauka su ma kayan za a ɗora musu. Sai ga su da la'asar, Yaya da mijina sun saɓo wani dogon abu naɗe cikin fata, wani soja baƙi yana biye da su. Da aka kwance fatar, sai ga ƙarfe shimfiɗaɗɗe, ya fi mutum tsawo, haƙora jere a gefe ɗaya, da mariƙi a kowane kai. Zarto ne. Ba mu taɓa ganin irinsa ba.

Kumandan, Baturen da ke mulkin barikin, yana son ƙofofi da tagogi da tebura, kuma ba a samun katako a ƙasarmu. Sojan nan kafinta ne a garinsu, can yamma mai nisa. Ba ya jin Hausa, sai ɗan Zabarmanci kaɗan, saboda haka da hannu ya koya musu. Ya sa aka haƙa rami a bayan gidanmu, zurfinsa ya shanye mutum a tsaye. Aka gitta itatuwa a bakinsa, aka mirgino gungume aka ɗora. Ya shafa wa zare gawayi, ya ja shi bisa gungumen ya saki, sai ga layi baƙi miƙe. Daga nan ya nuna: mutum ɗaya a sama, tsaye kan gungume, yana ɗaga zarto yana bin layi, ɗaya a cikin rami, yana jawo shi ƙasa.

Ba wanda ya yi shawarar wa zai hau, wa zai sauka. Yaya ne babba, ya hau. Mijina ya shiga rami.

Ranar da katakon farko ya rabu da gungume, Baba ya ɗauke shi ya juya, ya shafa, ya kai hanci ya sansana.

"Wannan abu, a yini ɗaya ya ci abin da gizago ke ci a wata," in ji shi. Ban gane ba ko yabo ne.

Da farko mun ɗauka arziki ne. Tafinta ya ce muddin katako na zuwa bariki, ba za a taɓa ɗaukar namiji daga gidanmu zuwa aikin dole ba. Samarin unguwa na tafiya da kaya a ka, namu na kwana a gida. Mutane suka riƙa zuwa kallo, har daga ƙauyuka. Ƙarar zarton tana kaiwa rijiya, sama da ƙasa, sama da ƙasa, har na saba ina daka ina bin ta. Da guntayen da bariki ba ya so mijina ya yi mini ƙyaure. Ɗakina ne na farko a unguwar da ya bar asabari. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa, kuma na so mata su gani.

Abin da na sama ke samu, rana ce. Abin da na rami ke samu, garin katako ne. Duk jan da ya yi, garin sai ya zubo masa a ka, a fuska, a ido, don dole ya ɗaga kai ya ga inda ƙarfe ke tafiya. Da magariba mijina zai fito fari fat, kamar an tono shi daga toka, idanu jajir. In kawo ruwa a ƙwarya in wanke masa, in sa masa kwalli. Na saƙa masa malfa mai faɗi, ya ce tana tare masa haske. Na ba shi ƙyalle ya rufe fuska, ya ce numfashi na gagararsa. Ya ce in bari, ido ai yana wanke kansa.

Shekaru suka yi ta tafiya haka. An gama bariki, sai aka ce gidan kumandan. An gama shi, sai ɗakin ajiya, sai gidan baƙi, sai wani bariki a wani gari da ban taɓa gani ba. Kumandan ya tafi, wani ya zo, kowa da abin da yake so a gina. Itatuwan daji na kusa suka ƙare. Aka riƙa jawo gungume da shanu daga nesa, su ma suka ƙare. Sai idon gardi ya koma kan gawon da ke cikin gonakin mutane.

Wanda ya san kwarin nan ya san gawo ba icce ba ne kawai. Da damina yana zubar da ganye, hatsin da ke gindinsa ya fi na ko'ina kai. Da rani, sa'ad da ƙasa ta ƙone, shi ke da ganye, 'ya'yansa kuma su ke riƙe awaki har ruwa ya sauka. Kowane gawo an san mai shi.

Na farkon da aka sa wa alama na wani tsoho ne maƙwabcinmu, abokin Baba tun suna yara. Tsohon ba shi da ɗa namiji, awaki ne dukiyarsa. Ya zo gidanmu da sandarsa, ya ƙi zama kan tabarma, ya tsaya bakin rami.

"Kai da ni mun sha inuwar iccen nan muna kiwo," ya ce wa Baba. "Yanzu kai za ka kashe shi?"

"Ba ni na sa alama ba."

"Gatarin wa zai hau shi?"

Tsohon ya juya ya fita. Washegari Baba ya sa babbar rigarsa da rawani ya nufi bariki. Abin da ya faɗa a can, daga baya muka ji: ya ce a gaya wa kumandan gidansa ba ya sare iccen da ke da mai shi. Aka cire masa rawani, aka zaunar da shi a tsakar fili cikin rana, lokacin bazara. Gardi ya zo gida ya gaya wa 'ya'yan Baba cewa ubansu zai tashi daga wurin in gawon ya faɗi, ba kafin nan ba.

Yaya ya ɗauki gatari, mijina ya ɗauki nasa. Ina tsakar gida ina jin saran. Icce ne mai kauri, sun kai la'asar a kansa. Da ya faɗi, ƙasa ta girgiza har ruwan randa ya motsa. Mai gawon yana zaune a kan kunya yana kallonsu tun daga farko har ƙarshe, awakinsa suka ruga suna cin ganyen da ya zo musu ƙasa.

Aka sako Baba. Ya shigo gida kansa ba rawani, leɓɓansa a fashe. Na miƙa masa fura ya sha. Bai yi wa 'ya'yansa faɗa ba, bai kuma gode musu ba. Daga ranar bai ƙara zuwa bayan gida inda ramin yake ba. Ya koma zaure yana feƙe cokulan icce da ba wanda ya ce a yi masa. Bai cika shekara ba ya rasu. Abokin nasa bai zo jana'iza ba.

Bayan wannan gawo, sauran ba su yi wuya ba. Gardi ya sa alama, namu su sare. Mutane suka daina sayen turminmu, suna tafiya har wata kasuwa su sayo na wasu. In na isa rijiya, hira sai ta mutu. Ba wanda ya zage ni. Da an zage ni ma da na samu abin mayarwa.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya ɗauke hatsi na tsaye bai yi kai ba. Mutane suka ci anza, suka ci 'ya'yan ƙarangiya, suka tone gidan tururuwa. Awaki suka mutu da wuri, don gonaki da yawa babu sauran gawo. Mu kuwa bariki na ba mu ɗan hatsi, don kada masu jan zarto su faɗi. Ba mu ƙoshi ba, amma ba mu binne kowa ba. Nakan zuba kaɗan a ƙoƙo in kai wa matan da ke da yara ƙanana. Suna karɓa, don yunwa ba ta san fushi ba, amma ba sa kallon fuskata. Unguwarmu ta rasa mutane da yawa a shekarar, kuma duk wanda ya rage ya riƙe a ransa cewa hayaƙi bai daina tashi a gidan masassaƙa ba.

A cikin wannan lokaci na gane idon mijina ya tafi. Ya daɗe yana ɓoyewa. Ya san gidan, ya san rami, ba ya tuntuɓe. Wata rana da hantsi na ajiye masa ƙwaryar ruwa ba inda na saba ba, na tsaya ina kallonsa. Ya miƙa hannu inda ta saba zama, ya shafa ƙasa, ya janye hannun a hankali kamar ba abin da yake nema.

"Maigida, tun yaushe?"

Ya ce, "Na dama tun bara. Na hagu yana ganin haske, ba ya ganin mutum."

Muka yi magani. An wanke da ruwan rubutu, an ɗiga nonon mace mai shayarwa, an kawo wani garin saiwa daga wajen Buzaye. Farin da ya rufe ƙwayar bai motsa ba.

Da Yaya ya ji, ya zauna a bakin rami ya rufe fuska da hannu. Ya ce, "Daga yau ni zan sauka. Kai ka hau."

Mijina ya yi murmushi. "Yaya, in hau in bi wane layi? Na sama ke buƙatar ido. Na ƙasa ja kawai yake yi."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk mun sani. Da an yi musanyar tun da wuri, wata rana wannan, wata rana wancan, wataƙila da idon ya kai su tsufa su biyun. Ba wanda ya yi tunanin haka, don ba a saba babba ya tsaya ƙarƙashin ƙafar ƙarami ba. Yaya bai yafe wa kansa ba. Ya riƙa kamo hannun ƙanensa da safe yana kai shi bakin tsani, alhali shi ba ya buƙata.

Ba a daɗe ba aka ce ana yaƙi a arewa, sojoji za su wuce, ana son raƙuma da masu ɗaukar kaya da yawa. Aka ce kowace unguwa ta ba da mutane. Yunwa ta riga ta cinye samari. Dattawan unguwa suka taru, suka ce akwai gida ɗaya da bai taɓa ɗaukar ko tulu ba tun zuwan Nasara. Yaya ya je ya tuna wa tafinta alkawarin da aka yi. Amma wancan tafinta ya mutu, wancan kumandan ya koma ƙasarsu, na yanzu ba su san da wata magana ba. Aka haɗa Yaya da sauran.

Da safe ya shigo ya yi mana sallama. Ya damƙa mini magagari, ƙarfen da ake wasa haƙoran zarto da shi, ya nuna mini yadda ake karkata shi. Ya ce wa ƙanensa, "Ka yafe mini." Mijina ya ce, "Mi ka yi mini? Allah ya maido ka." Yaya ya riga ya fara furfura a lokacin. Wani da suka tafi tare ya dawo bayan damina, ya ce ƙafafun Yaya sun kumbura a hanya, an sauke masa kaya an ɗora wa wani, an bar shi a gindin wata aduwa da ɗan ruwa a salka. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Yaya ya tafi, amma katako bai daina zama dole ba. Gardi ya zo ya ce ana jira. Na ce masa mai hawa sama ku kuka ɗauke shi. Ya ce wannan ba ruwansa, in katako bai zo ba za a karɓe zarto, hatsin ma ya tsaya. Ba mu da gona ta kirki, don shekara da shekaru ba wanda ya samu sukunin noma a gidan. Na bi gida gida ina neman wanda zai riƙe mariƙin sama. Ba wanda ya yarda ɗansa ya taɓa ƙarfen nan.

Na dawo na tarar da mijina zaune a zaure.

"Ni zan hau," na ce.

"Ke mace ce."

"Na sani. Ina da ido."

"Mutane za su yi magana."

"Sun daɗe ba su yi mini magana ba. In sun yi yanzu, na samu ƙari."

Can ya ce, "Ki ɗaure zane sama da gwiwa, kada ya kama haƙori. Kada ki danna. Ki ɗaga kawai, ni zan ja."

Haka na hau gungume, ina mace mai ɗiya budurwa. Zarton ya fi yadda nake zato nauyi, kuma yana da ra'ayin kansa, kullum so yake ya bar layi. Katakon farko ya fito kamar hanyar maciji. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, kafaɗuna suka ƙi ɗaguwa har ɗiyata ce ke ɗaure mini kallabi. Yara suka taru suna leƙe ta kan darni. Wata tsohuwa ta ce duniya ta zo ƙarshe tunda mace ta tsaya bisa kan mijinta. Shi kuwa daga cikin rami yana gaya mini, "Kin yi hagu. Dawo kaɗan." Ba ya gani, amma yana ji a hannunsa kafin ni in gani da ido.

Na koya. Kafin shekara ta zagayo, gardi ya daina mayar mana da katako. Sare icce da jawo shi, fursunoni aka riƙa sawa, mu namu tsagawa.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu da na tsufa. Duk zaman da na yi da mijina, ban san shi ba kamar yadda na san shi a shekarun nan. Mutum biyu da ke riƙe da ƙarfe ɗaya ba sa iya ɓoye wa juna komai. In ya tuna Yaya, ina ji, jan sai ya yi nauyi. In na gaji, kafin in buɗe baki zai ce a huta. Wata rana muna tsakiyar gungume ya tsaya cak.

"Kina da ciki," ya ce.

Ni kaina ban gama tabbatarwa ba. Tun bayan ɗiyarmu ban sake samu ba, har mun fid da rai. Ya ce in sauka, ba zan ƙara hawa ba. Na ce to wa zai hau? Na ɗaga zarto, ya daɗe bai ja ba, sannan ya ja.

Cikin bai tsaya ba. Ya zube da kaka, lokacin ana yankan hatsi. Namiji ne, an riga an gane. Na kwanta kwanaki, na tashi na koma bisa gungume. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da shi, har ya mutu.

Ƙarshen aikin bai zo da wata sanarwa ba. Gungume ya riƙa yin wuyar zuwa, gardi ya rage leƙo mu, hatsin ya riƙa tsallake wata. Muka gama tsaga wani babban gawo, katako masu kyau, na jira a zo ɗauka, ba a zo ba. Na ɗora biyu a ka na tafi bariki da kaina. Wani gardi yaro da ban sani ba ya tare ni a ƙofa, ya tambaye ni abin da nake so. Na ce katakon kumandan na kawo. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce ai yanzu daga kudu ake kawo katako, ja, mai ƙarfi, wanda gara ba ta ci. Ya ce na gawo duk ya ruɓe, an ciccire ƙofofin an ƙone. Na tambaye shi zarton fa, a maido? Ya ce wane zarto?

Na juyo da katakona a ka. A hanya na tsaya na dubi kwarin. Tun daga bakin gari har inda ido ya kai, kututture ne, da rairayi da ya fara hawa gonaki. Na tuna wanda ya ce a sare, ba ya nan. Wanda ya sa alama, ba ya nan. Mu ne muke nan.

Na gaya wa mijina yadda aka yi. Ban rage komai ba, don ya fi ƙarfin a yi masa ƙarya. Ya tambaya, "Har ƙofofin farko, waɗanda muka yi da Yaya?" Na ce har su.

Ya gwada komawa sassaƙa. Hannun yana nan, amma gizago na son ido, ya sare yatsa har sau biyu, na ɓoye kayan. Noma ba ya iyawa. Ɗiyarmu ta yi aure a wani ƙauye mai nisa, don a garin ba wanda ya nema. Ni na shiga yi wa mutane daka da sussuka ana ba ni abin da za mu ci. In na dawo, sau da yawa ba na samunsa a zaure. Sai in zagaya baya in tarar ya sauka cikin rami, yana zaune a kan tsohon garin katako, ya jingina da bango. Ya ce nan ya fi sanyi. Wata rana ya ce in akwai wani guntun icce mu ɗan ja. Na nemo wani ruɓaɓɓen kututture muka ɗora, muka ja har ya rabu biyu. Bai ƙara tambaya ba.

Tari ya kama shi, irin wanda ba ya fita, ƙirjinsa na ƙara kamar ana jan ƙarfe a cikinsa. Ya yi damina ɗaya da shi. Ya rasu da hantsi, ina wurin sussukar mutane, yaro aka aiko ya kira ni.

Maza suka zo, don gawa ba a yi mata gaba. Aka haƙa kabari, sai aka rasa itacen da za a jera a rufe shi kafin a zuba ƙasa. A da, yaro ake aikawa bayan gari ya saro. Yanzu sai an yi tafiyar yini. Suna tsaye suna shawara, na aika a gaya wa liman akwai katako a bayan gida, wanda bariki ya ƙi. Liman ya ce icce icce ne. Aka yanka shi guntu guntu aka rufe mijina da shi.

Bayan kwana kaɗan wani yaro ya mutu a unguwa. Ubansa, wanda ya yi shekaru bai gaishe ni ba, ya zo ya tsaya a ƙofar gida, ya yi sallama, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Na ce ya zagaya baya ya ɗauka. Daga nan duk wanda aka yi wa rasuwa sai ya zo. Ba na karɓar komai, su ma ba sa doguwar magana. Haka tarin katakon ya yi ta raguwa har ya ƙare, a shekara ta biyu ko ta uku.

Zarton na ba maƙeri, ya yayyanka ya yi laujuna. Ramin, iska ta cika shi da rairayi da kanta. Da ƙarfina ya kasa, surukina mijin ɗiyata ya zo da jaki ya ɗauke ni zuwa ƙauyensu, inda nake har yau. Suna kula da ni. Hannuwana ba sa miƙewa sosai, yatsun sun lanƙwashe, jikokina ne ke ɓare mini gyaɗa. A nan ba wanda ya san na taɓa yin wani aiki ban da daka, kuma ba a tambaye ni ba.